Zauren Kawu: Ƙanena ya karye a wasan ruwa a Masar, dangi na cewa wa ya aike shi

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Satin nan saƙonni sun taru a kan magana guda, ta yaron nan namu ɗan Mabera da ya yi hatsari a Masar, wanda hotonsa ke ta yawo a gurup gurup na WhatsApp. Yayarsa ta rubuto, abokinsa mai riƙe da kuɗin gudummawa ya rubuto, wani dattijo ma ya aiko ta hannun ɗansa, haka ma gwaggon yaron. Na sakaya sunaye yadda munka saba. Masu tambaya kan hawan jini da azumi ku yi mani haƙuri sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Kawu ina wuni, ya zafi, ya iyali. Dan Allah ka yi haƙuri saƙon nawa da tsawo wlh kaina ya ɗau zafi. Ƙanena ne, shi ka bi mani, yat tahi Masar karatu, to in an yi hutu ba shi zowa gida sabili da kuɗɗin jirgi sai shi tahi wani gari bakin teku da ake ce ma Ras Sudr shina aiki wurin masu koyar da wasan kayit, wanga da ake ɗaura ma mutum wata ƙatuwar lema iska na janai bisa ruwa shina tsaye kan ɗan allo. Da hwarko kaya kawai shika ɗauka shina hura masu lemar, daga baya yak koya har ya ƙware shina koya ma baƙi, da kuɗɗin nan shika biyan haya har shi aiko ma Inna wani abu. Watan da ya wuce iska tat taso lokacin da shika shirin shiga ruwa ta ɗaga shi sama ta maka shi da ƙasa nan bakin gaɓa. Ƙashin bayanai ya karye ƙasa wajen ƙugu, da ƙafar dama. An yi mai aiki a Alƙahira an sa ƙarhe, abokanai da maigidanai sunka ranto kuɗɗin anka biya, yanzu bashi na kanmu mai yawa. Shina jin taɓi kaɗan kaɗan, yatsun hagu na motsi amma bai iya tsayuwa, fitsari ma da roba. Munka buɗe gudummawa mutane sun yi ƙoƙari Allah shi saka, amma abin da ke ci mani rai Kawu har cikin dangi akwai masu cewa wa ya aike shi, karatu anka tura shi ko wasan Turawa, wai kuɗɗin da za a ba shi gara a kai gidan marayu. Inna ta ji wagga magana ta kwana kuka. Yanzu ni har kunyar tura hoton nika ji. Shin mun yi laihi da munka roƙi jama'a? Kuma mu maido shi gida ko mu bar shi can? Ɗiyarka daga Mabera.

AMSA: Sannu ɗiyata, sannu. Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne, ki gaishe mani da Inna ki ce mata ta share hawaye. Ba ku yi laifin komai ba, kuma ki daina jin kunya tun yau.

Bari in ɗan yi wa masu karatu bayanin wasan don da yawa a nan ba su taɓa gani ba, mu da ruwanmu bai wuce gulbin Rima da dam ɗin Goronyo ba. Lemar nan ba ta yara ba ce, faɗinta kan kai murabba'in mita 9 zuwa 12 ko fiye, igiyoyinta kuma sun kai mita 20 da wani abu, ana ɗaura wa mutum ɗamara mai ƙugiya a ƙugu, ya riƙe sanda yana juya lemar da ita. Wato ƙarfin iskar duka a ƙugunsa yake sauka. A tsakiyar ruwa in ka faɗi ruwa ne zai tare ka, shi ya sa mummunan hatsari ya fi faruwa a bakin gaɓa lokacin tada lemar ko sauke ta, iska ta zo da ƙarfi lokaci guda ta ɗaga mutum, kafin hannunsa ya kai ga abin kwancewa na gaggawa ta riga ta jefa shi kan yashi mai tauri ko dutse ko bango. Abin da ya sami ƙanenki ke nan, kuma yana samun ƙwararru ba sabbin shiga kaɗai ba. Wasan kuma sananne ne a duniya, a 2024 an yi shi a gasar Olamfik a Marsey ta ƙasar Faransa, kuma a gaɓar Bahar Maliya mutane da yawa da shi suke cin abinci.

Ba zan ce maki babu haɗari a ciki ba, akwai, kuma duk yaron da ke wannan sana'a ya kamata ya yanki inshorar da ta ambaci wasan da sunansa don inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa ba ta biyan irin wannan rauni. Amma wannan nasiha ce ta masu lafiya. Shi wanda ke kwance da roba a jikinsa ba lokacin ta ba ne. Mu nan in ɗan dambe ya karya hannu a fage, ko doki ya kada yaro ranar hawan sallah, ko ɗan kabu-kabu ya yi gudu ya faɗi a kwanar Gidan Man Ada, ba mu tsayawa a kansa mu ce wa ya aike ka, ɗauka muke mu yi asibiti, faɗa sai ya warke. To mene ne bambancin? Kawai wannan wasan ba mu saba ganinsa ba ne, kuma an ga Turawa a bidiyon. Yaron da ya ƙi zaman banza a ƙasar mutane, ya nemi na haya da guminsa har yana tuna mahaifiyarsa, wallahi ni ban ga abin zargi a nan ba. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Su dangi kar ki yi cacar baki da su, ke ƙarama ce a wurinsu kuma zai koma rashin kunya a bar maganar jinya. Ki sami babba guda da ake jin maganarsa, baffanku ko kawunku, ki zauna ki gaya masa halin da Inna ke ciki, shi ya tara su. Wanda yake ganin gidan marayu ya fi cancanta ya kai can Allah ya ba shi lada, ba dole a sadaka, amma ya kame bakinsa daga kunnen uwar da ɗanta ke kwance.

Maganar maido shi gida kuwa, likitan da ya yi aikin shi ke da ta cewa kan rana, ba ku ba, ba kuɗin haya ba. In ya amince zai ba da takardar cewa yaron zai iya hawa jirgi, kamfanin jirgin ma yana da fom nasa da likita ke cikawa, kuma a nan za a san ko zai iya zama a kujera ko sai an kwantar da shi a gadon ɗaukar majinyaci, wanda ke cin kujeru da yawa kuma kuɗinsa ya ninka tikiti sosai, to ku tambayi wannan tun kafin ku sa rana. Ku tambayi likitan kuma maganar daskarewar jini a ƙafa, don mai kwanciya da ya yi doguwar tafiya yana cikin haɗarinta. EgyptAir na sauka Kano da Abuja. Ni dai shawarata ku bi ta Abuja ku sake hawa jirgi zuwa Sakkwato, don kwantar da mai sabon aikin baya a mota tun daga Kano ta Gusau, da tsawon hanyar da ramukanta da kuma halin tsaro, ba abin da zan so wa ɗana ba ne. Kar ya baro can sai da takardunsa duka, rahoton aikin da Turanci ba Larabci kaɗai ba, faifan hoton MRI da na ƙashi, da bayanin irin ƙarfen da anka sa masa. Ki kai kwafi asibitin koyarwa na UDUTH tun bai iso ba, akwai cibiyar aikin ƙwaƙwalwa da laka a can, ga asibitin ƙashi na Wamakko saboda ƙafar, in ta kama a je asibitin ƙashi na Dala a Kano sai su rubuta maku.

A ganina gida ya fi masa da zarar likita ya sallame shi, don abin da ya rage yanzu ba wuƙa ba ce, jinya ce, ita kuwa hannuwa take so da yawa. Kuma ɗiyata nan ne nake so ki buɗe kunne, don nan ne mutanenmu suke faɗuwa. Kowa hankalinsa na kan kuɗin aiki, an tara an biya an ce alhamdulillahi an watse, alhali aiki yini guda ne, abin da ke biye watanni ne. Tunda yana jin taɓi kuma yatsu na motsi to lakar ba ta yanke duka ba, wannan alama ce mai kyau, kuma mafi yawan abin da ke dawowa a watanni shidan farko yake dawowa, ya ci gaba a hankali har shekara ɗaya ko biyu. Wato watannin da jama'a za su fara mantawa da shi su ne watannin da ya fi buƙatar gashin ƙashi babu fashi. Kuɗin gashi, kuɗin motar kai shi da maido shi, robar fitsari da ake canzawa, safar hannu, famfas, keke, abinci mai gina jiki, ƙwai da wake da kifi da nono, waɗannan ba su da hoton da zai sa mutum kuka a WhatsApp amma su ke cinye gida.

Sai babban abokin gaba, gyambon kwanciya. Mutumin da bai jin jikinsa sosai bai san fatarsa na mutuwa ba, ga zafin Sakkwato da ke wuce digiri 40 a bazara, ga zufa, ga ledar da ake shimfiɗawa saboda fitsari. Duk awa biyu a juya shi, dare da rana, mutum biyu ko uku su juya shi gaba ɗaya kafaɗa da ƙugu tare kar a murɗe bayan, a sa filo tsakanin gwiwoyi, a ɗaga diddige kar ya taɓa katifa. Kullum safe da dare a haska fitilar waya a duba ƙasan baya da gefen ƙugu da diddige, in an ga wuri ya canza launi ko ya yi zafi ko tauri, an danna da yatsa bai koma daidai ba, to an fara, kar a sake kwantar da shi kan wurin kuma a nuna wa nas a ranar. A shimfiɗa zanen auduga kan ledar. In da hali a sayi katifar nan mai iska da ɗan fanka mai sola tunda wuta ba tabbas. Fitsari in ya yi kauri ko wari ga zazzaɓi, asibiti kai tsaye ba kemis ba. Kuma shi namiji ne baligi, ba zai so ke ko Inna ku riƙa yi masa wanka da tsarki ba, zai yi shiru ne kawai abin na cinsa a rai, to tun yanzu a rubuta sunayen maza, ƙanne da abokai da 'yan majalisarsu, kowa da darensa.

TAMBAYA: Slm Kawu. Ni ne abokin yaron nan tun firamare, ni anka ɗora ma riƙon kuɗɗin. Da akawun ɗina na Opay munka fara sabili da gaggawa, to yanzu abin ya girma kuɗɗi na shigowa da na kasuwata duk wuri guda, jiya wani a gurup yac ce wai nawa anka tara ba a faɗi ba, wani kuma ya turo mani hoton abokina da wata lambar akawu da ba tamu ba wai ana yawo da ita a Facebook. Kawu wlh ko sisi ban taɓa ba amma barci ya ƙaurace mani, har ina tunanin in miƙa masu kayansu in huta. Kuma gudummawar ta fara ja baya, satin hwarko alat ba ya tsayawa yanzu sai a wuni biyu ko uku. Mi za ni yi?

AMSA: Ɗana Allah ya yi maka albarka, kar ka ajiye. Wanda ya tambayi nawa anka tara bai zage ka ba, haƙƙinsa ne, kuma da ka riga shi faɗi da bai tambaya ba. Abu na farko gobe da safe ka raba kuɗin nan da na kasuwarka. Ku je banki da yayarsa da wani dattijo guda da unguwa ta yarda da shi, limami ko mai unguwa ko wanda suka wakilta, ku buɗe asusun da kuɗi ba ya fita sai mutum biyu sun sa hannu. Ka ciro takardar shige da ficen Opay ɗin tun daga ranar da kunka fara, ku zauna ku ukun ku tsince na gudummawa ɗaya bayan ɗaya, a tura jimillar sabon asusu, ka sa hoton a gurup kowa ya gani. Daga nan duk Juma'a bayan an sauko ka rubuta layi huɗu kawai, abin da ya shigo, abin da ya fita da inda ya tafi, abin da ya rage, bashin da ya saura, ka haɗa da hoton rasit. Wanda ya ce a sakaya sunansa a sakaya amma adadin ya fito. Inda zai yiwu a biya asibiti ko mai magani kai tsaye ta tiransifa, kuɗi a hannu shi ke kawo zance. Kuma ku faɗa tun yanzu a rubuce me za a yi in kuɗi ya yi saura, ko a ci gaba da gashi da shi ko a ba wani majinyaci, kar sai ya rage a fara ja-in-ja.

Masu yawo da lambar bogi ɓarayi ne kuma sun saba, duk hoton majinyaci da ya yi farin jini sai sun kwafa. Ku yi sanarwa guda da muryar yayarsa ko ɗan bidiyo gajere tana faɗin sunan asusu da lambarsa da bakinta, ku rubuta lambar a jikin hoton kansa ta tsakiya yadda ba za a yanke ta ba, ku kai ƙarar shafin ga Facebook, ku kuma sanar da bankin da lambar bogin take. Sannan maganar hoto, ka tambayi abokinka shi kansa wane hoto ya yarda a yaɗa. Ba sai an nuna shi tsirara da roba da jakar fitsari ba kafin a tausaya, gobe zai tashi ya nemi aiki ya nemi aure kuma intanet ba ta mantuwa. Hotonsa a zaune da takardar likita da anka rufe bayanan sirri ya isa.

Ja bayan da ka gani haka gudummawa take, satin farko tausayi ne ke bayarwa, shi kuwa tausayi bai daɗewa. Yanzu sai ku koma tsarin gayya, yadda ake yi a gona, kowa ya san ranarsa da kuyyarsa. Ka nemi mutum 100 da za su ɗauki alkawarin naira 2,000 duk wata har shekara, ka ga 200,000 ke nan a wata da za a iya yin lissafi a kanta, ta fi miliyan guda da za ta zo yau ba a san ta gobe ba. Wanda ba shi da kuɗi yana da abin bayarwa, mai Keke Napep ya ɗauki kai shi gashi ranar Talata, kafinta ya yi masa sandunan koyon tsayuwa a tsakar gida, birkila ya gyara dokin ƙofa da bakin banɗaki yadda keke zai wuce, mai kemis ya ba da safar hannu a farashin sari. Rubuta su duka a littafi guda da masu kuɗin.

Kuma kar ku manta da mutanensa na can. Masu wasan nan suna da zumunci tsakaninsu kuma sun saba haɗa wa nasu kuɗi in ya ji rauni, ga baƙin da ya koya wa wasan sun koma ƙasashensu suna cin Yuro da fam. GoFundMe, shafin tara gudummawa a intanet, ba ya biyan kuɗi zuwa asusun Najeriya ko na Masar, amma in akwai amintacce cikinsu a Ingila ko Jamus ko Faransa zai iya buɗewa a can ya turo, da sharaɗin shi ma ya riƙa nuna lissafi. Ka yi wa maigidansa magana da ladabi ko zai yafe wani ɓangare na bashin tunda a bakin aikinsa abin ya faru, ko ya shirya ranar wasa ta musamman a tara masa. Kayan wasansa ma, lema da allo da ɗamara, suna da daraja a can, amma wannan kar ku sayar sai da yardarsa, kuma kar ku matsa masa a kai yanzu. Ƙungiyar ɗaliban Najeriya da ofishin jakadancinmu a Alƙahira su ma a sanar da su a rubuce, ko ba su ba da kuɗi ba za su yi amfani wajen takardun fita. A gida kuma ku je ofishin SOCHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ku ji yadda za a yi masa rajista, ba za ta ɗauke komai ba amma abin da ta rage ya ragu. A ƙasar nan sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita, ga mafi ƙarancin albashi naira 70,000, to ka ga babu gidan talaka da zai ɗauki ciwon laka shi kaɗai.

TAMBAYA: Malam Kawu, mahaifina ne yac ce in rubuto maka, ɗan kasuwa ne a Tsohuwar Kasuwa. Shekarar zakkarsa ta cika kuma maƙwabcin su yaron ne, yana so ya ba su amma wani ya ce mai ba ta halatta tunda wurin wasa yaj ji ciwo kuma mai zuwa ƙasar waje ba talaka ba ne. Yana neman ƙarin haske.

AMSA: Ka gaishe da Alhaji, ka ce masa Allah ya ƙara buɗi. Waɗanda ake ba zakka Allah da kansa ya lissafa su a Suratut Tauba aya ta 60, kashi takwas, a cikinsu akwai fakirai da miskinai da waɗanda bashi ya yi wa katutu da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Yaron nan a yau ba ya iya neman na kansa, bashi na kansa, kuma yana kwance a ƙasar da ba tasa ba, ka ga ta ƙofa fiye da ɗaya ya shiga. Abin da malamanmu na Malikiyya sunka sharɗanta a kan mai bashi shi ne kar ya zama ya ci bashin ne don ɓarna, kamar caca ko shaye-shaye. Wannan bashin kuwa na aikin ƙashin baya ne, don a ceci lakarsa anka ci shi. Ba a duba inda mutum ya faɗi, ana duba abin da anka yi da kuɗin. Zancen mai zuwa waje ba talaka ba ne kuma, Alhaji maƙwabcinsu ne ya fi kowa sanin tukunyar gidan, da yawa cikin yaranmu da ke karatu a Masar da Sudan da Nijar gona anka sayar ko dangi sunka haɗa kafin su tafi.

Akwai ma hadisin Ƙabisa a Sahihu Muslim inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci waɗanda roƙo ya halatta gare su, ciki har da wanda masifa ta cinye dukiyarsa da wanda talauci ya same shi har mutum uku masu hankali cikin mutanensa sunka shaida. Shi ya sa nake ta nanata a sa limami da mai unguwa a lamarin, shaidarsu tana wanke iyalin daga zargi kuma tana kwantar da hankalin mai bayarwa. In Alhaji zai bayar ya yi niyya, ya gaya wa masu riƙe da asusu cewa wannan zakka ce, su rubuta ta daban, ta tafi kan bashin ko magani da sanin yaron, kar ta shiga kuɗin data ko man mota na masu zirga-zirga. Kuma tunda shi mutum ne da ake jin maganarsa a kasuwa, ya taimaka ya raka yayar yaron Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha da takardun asibiti, suna taimaka wa marasa lafiya, kuma takarda in babba ya riƙo ta ta fi saurin isa tebur.

TAMBAYA: Kawu ni gwaggon yaron ce ta wajen uwa. Akwai wani maɗori a ƙauyenmu gado ya yi tun kakanni, karaya kowace iri shina ɗora ta. Na ce in an kawo shi mu kai shi can ya fi sauƙin kuɗɗi amma yaran sun ƙi. Ka sa baki.

AMSA: Hajiya Allah ya saka da alheri, na san tausayi ne da ganin nauyin da ke kan 'yar uwarki, kuma ban raina maɗora ba, sun yi wa mutanenmu hidima tun babu asibiti. Amma a wannan karon yaran suna da gaskiya. Ɗori na ja ne da murzawa da ɗaurewa da karare, shi kuwa yaron nan akwai ƙarfe da kusoshi a cikin ƙashin bayansa, laka kuma na kwance a wurin tana ƙoƙarin farfaɗowa, ja guda in ya kauce ɗan motsin yatsun nan da muke murna da shi zai iya tafiya ba dawowa. Ƙafar ma in an ɗaure ta tamau shi bai jin zafi sosai balle ya yi kuka a sassauta, jini ya tsaya, sai a wayi gari ana maganar yankewa. Haka ruwan zafi da garwashi, kar a gasa masa ƙafa a gida don zai ƙone bai sani ba. Addu'a da tofi da rubutu ki yi masa iya ƙarfinki, babu mai hana ki. In kina son ki ɗauke masu wani nauyi, ki zo ki zauna da Inna ko sati biyu ne idan ya iso, ki karɓe mata girki ta samu ta runtsa, ki kuma riƙe maganin ciwonsa a hannunki ana ba shi yadda likita ya rubuta, don irin wannan raɗaɗin na jijiya shi ke jefa samari cikin tiramadol. Ki zo masa da gero mai kyau daga ƙauye da man shanu, fura da nono za ta yi masa amfani.